Mai Wana Garmahon Misis Holdin

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a hunturun da na yi a Ingila, kuma ko da yake bai daɗe can-can ba, na lura tunanin ɗan Adam kamar zanen da aka rina da baba ne, kowane wanki sai ya ɗan zuba. Akwai wuraren da na tabbata da su, akwai waɗanda zato nake yi, zan kuma yi ƙoƙari in nuna wanne ne wanne. Maganganun Turawa da ke ciki ni na mayar da su Hausa gwargwadon fahimtata. Taƙaicen zancen shi ne na kusa rasa ɗakin kwanana a tsakiyar sanyi, jarrabawa na tafe, saboda wani kiɗan fiyano da aka tsara wa wani fim na zamanin yaƙi.

Sunana Isiyaku, ɗan Makera ne ni a nan Kaduna. Bayan na gama digirina na kemistiri a Kudu, aka zaɓe ni in je in koyo aikin rinin zamani, domin a lokacin ana ta haƙa harsashin masaƙa a Kakuri, ana neman 'yan ƙasa da za su riƙe aikin.

Zango na farko shi ne tashar jirgin ruwa a Ingila. Ina sauka wani mutum mai hula da fara'a ya tare ni, ya kira ni likita, ya ce aikinsa ke nan tarbar ɗalibai. Ya dubi rigata ya girgiza kai, ya ce da wannan ba zan kai Juma'a da rai ba. Ya ja ni wani lungu inda ɗan'uwansa ke sayar da tsofaffin kaya, suka zaɓa mini wata doguwar kwat mai ruwan jinin kare, da maɓallan tagulla layi biyu, da igiya mai ruwan zinariya a kafaɗa. Na ɗan yi shakka, na ce kamar ta yi ado da yawa. Suka ce haka masu digiri ke sawa a ƙasar. Ban san yadda masu digiri ke shiga a ƙasar ba, saboda haka na saya. Sai a tashar jirgin ƙasa, da wata tsohuwa ta miƙo mini jakarta ta ce in kai mata tarago na uku, wani kuma ya tambaye ni inda makewayi yake, na gane kwat ɗin ta masu tsaron ƙofar otal ce. Na kai wa tsohuwar jakarta, don ban ga hanyar yi mata bayani cikin ladabi ba. Kwat ɗin dai tana da ɗumi, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba.

A Landan ban daɗe ba. Abin da na riƙe shi ne hazo mai warin kwal, da wani ofis inda aka sa ni zama a benci har ƙafafuna suka mutu, sannan aka ce in kama jirgin arewa zuwa garin masaƙu. Wurin kwana kuwa, aka ce, in na isa zan samu, gari ne na mutanen kirki.

Wataƙila na mutanen kirki ne. Ban isa in yanke wa gari guda hukunci ba. Abin da na sani shi ne a tagogi da yawa akwai kwali mai cewa akwai ɗakin haya, amma da zarar na ƙwanƙwasa aka buɗe aka ga fuskata, sai ɗakin ya zama an kama shi ɗazun nan. Wata ta rufe ƙofa tun ban gama gaisuwa ba. Wata ta yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai magana da kurma. Na kwana a masaukin direbobi kwanaki, cikin warin giya da safa, ina salla a tsakanin gado da bango. Wata safiya santsin ƙanƙara ya kwashe ni a bakin titi, na zube, na ce innalillahi da ƙarfi. Sai na ji daga bayana an ce, "Sannu Malam! Ƙasar ba ta san baƙo ba."

Na waiga na ga wani baƙin mutum gajere, kakkaura, cikin kayan aiki, yana dariya yana miƙo mini hannu. Wannan shi ne Okeke. Ubansa ma'aikacin reluwe ne, a Kakuri ya tashi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Bakanike ne, an turo shi koyon gyaran injin saƙa. Da ya ji daga Makera nake sai ya rungume ni a tsakiyar titi, ya tambaye ni ko har yanzu matar nan mai ƙosai tana bakin gada. Ban san lokacin da idona ya ciko ba, ko da yake yana yiwuwa sanyi ne.

"Akwai ɗaki a gidan da nake," in ji shi. "Madam ba ruwanta da launin fata. Amma Oga Malam, akwai Lahadi."

Na ce ni Musulmi ne, ba na zuwa coci.

"Wa ya ce maka coci? Da coci ce ai da sauƙi, ana tashi."

Misis Holdin doguwa ce, siririya, ta manyanta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi kwat ɗin, ta ce ba a shan taba a gado, ba a kawo mata, ba a wanka sai ranar da ta faɗa. Ɗakin na can ƙuryar sama, ƙarami, amma bututun hayaƙin murhu ya bi ta bangonsa, in ka jingina bayanka sai ka ji kamar ka rungumi tukunya. Dole in faɗi alherinta tun kafin in faɗi sauran. Tun ranar da na gaya mata ba na cin alade ta ware mini tukunya. Da ta lura ina sauka da asuba ina alwala da ruwan famfo mai yanka hannu, sai na riƙa tarar da buta da ruwan ɗumi a bakin murhu, ba ta kuma taɓa ɗaga maganar ba. Girkinta kuwa, kabeji ne da aka dafa har ya manta sunansa. Na ci, na gode wa Allah.

Mu uku ne 'yan haya. Na ukun wani dattijo ne, muna ce masa Baba Tom, wanda ƙarar injin saƙa ta cinye masa kunne, sai dai ya karanci leɓen mai magana.

To, ga Lahadin. Bayan an sha shayin la'asar sai mu jeru a falo kan kujeru masu tauri. A kusurwa akwai fiyano, kusa da shi akwai garmaho irin na wanawa da hannu. Misis Holdin tana da faifai ɗaya da ta fi ƙauna, na wani kiɗa da suke kira kwancato, wato fiyano guda yana kiɗa, taron makaɗa masu goge da bushe-bushe suna mara masa baya. Za a ɗora faifan, ita kuma ta zauna ta bi shi da nata fiyanon, hannu da hannu, daga farko har ƙarshe. Okeke ya ce sunan kiɗan "kwance, to", shi ya sa Baba Tom yake yin biyayya ya yi barci da ido buɗe.

Ranar Lahadina ta farko ta ce, "Mista Isiyaku, an ce kai masanin kimiyya ne. Kai za ka riƙa kula da garmaho. Mista Okeke yana wana shi kamar mai tayar da mota."

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin aiki ne. Kafin a fara sai an sa sabuwar allura. In wanin ya yi sanyi, faifan ya rage gudu, muryar makaɗan sai ta yi ƙasa ta saɓa da fiyanonta, ta juyo ta harare ni. In na cika wanawa, ta ce zan tsinke mata ƙarfen ciki, kuma ba a samunsa yanzu. Ga shi kiɗan ya fi ƙarfin fuska ɗaya ta faifan, a tsakiya sai an juya. A nan takan danne wasu muryoyi da yatsunta ta riƙe, tana jira, ni kuma in ɗaga allura, in juya faifai, in mayar. Nakan fara fargabar Lahadi tun daga Alhamis. Na yi jarrabawa iri-iri a rayuwata, ba wadda ta taɓa sa ni gumi a cikin hunturu sai wannan.

Kiɗan kansa kuwa, a gaskiya ban san me zan ce a kansa ba a lokacin. Ba mai waƙa, ba a ambaci sunan kowa ba. Na taɓa tambayarta wa ake yi wa shi, don a wurinmu kiɗa yana da mai shi, ko na sarki, ko na mahauta, ko na manoma. Ta ce ba a yi wa kowa, don fim aka yi shi. Na ce to labarin me yake bayarwa? Ta ce fim ɗin shirme ne, in manta da shi, in saurara kawai. Yaya mutum zai saurara alhali idonsa na kan allura?

Haka muka yi makonni. Sai wata Lahadi, bayan ta buga muryar ƙarshe ta rufe fiyano, ta juyo kan kujerarta. Okeke ya riga ya tashi yana tafi yana cewa ko a gidan Sarauniya sai haka. Ta ɗaga masa hannu.

"Kai na san bakinka. Ina son in ji daga mai ilimi. Mista Isiyaku, ba ka taɓa cewa komai ba. Yaya ka ji shi?"

A nan sai na ɗan yi bayani. Mahaifina maƙeri ne. Ranar da na kawo masa takardar digirina ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ba laifi." Inna ta yi guɗa a ranar, don ta san a bakinsa babu abin da ya wuce wannan. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a cika baki a gaban mai abu. Ni kuma ga shi ban fahimci kiɗan ba balle in yabe shi da yawa in yi ƙarya, ban kuma ga aibinsa ba balle in kushe. "Ba laifi" ita ce daidai wurin. Matsalar ita ce da Turanci zan faɗe ta, kuma a cikin ruɗewa, daga kalmomin da Turawa ke da su na laifi, sai na ɗauko wadda ake amfani da ita a kotu. Abin da ya fita daga bakina, in aka dawo da shi Hausa, shi ne: "Uwargida, abin da kika yi bai kai a ɗaure mutum a kansa ba."

Baba Tom, wanda ya karanci leɓena, ya farka sosai.

"Bai kai a ɗaure mutum ba," ta maimaita a hankali. "Na gode. Hankalina ya kwanta." Ta miƙe ta gyara labule, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗan ƙanwata zai zo ƙarshen wata. Zan bukaci ɗakin sama."

A matakala Okeke ya riƙe kansa da hannu biyu. "Oga Malam! Digiri! Wannan digirin naka a kasuwa ka saya tare da kwat? Matar nan ba ta da ƙanwa, ko kyanwa ba ta da ita. Je ka ce mata kiɗan ya fi zuma, shi ke nan."

"Ban tabbata ya fi zuma ba."

"Wa zai kai ka ƙara? Zumar ce?"

Na ce ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba, amma zan bincika, in na gano kiɗan mai kyau ne zan gaya mata da hujja. Ya ce kafin in gama binciken zan kwana a tashar bas. Ƙarshen watan kuwa saura kaɗan ya haɗu da jarrabawata. In ba ɗaki, ba karatu, kuma wanda ya faɗi, gida ake mayar da shi hannu rabbana, ya zo ya wuce ta gaban masaƙar da aka tura shi dominta.

Na je neman fim ɗin, aka ce an daina nuna shi tun tuni. A kwalejinmu akwai wani malami da aka ce masanin kiɗa ne, har yana rubutu a kai. Na same shi a ɗakin shayi, na gaya masa sunan kiɗan. Ya yi dariya har tabarsa ta faɗi. Ya ce ai wannan ba kwancato ba ne na gaskiya, ɗan guntu ne, kwaikwayon manyan makaɗan Rasha, an haɗa shi cikin gaggawa don a sa 'yan matan kanti kuka a silima. Na tambaye shi ko dai akwai masu ganin kyansa. Ya ce akwai, miliyoyi, shi ne ma abin takaicin.

Na yi ta juya maganar, na ga tana da fuska biyu, kuma adalci shi ne a kawo duka. Da yamma na sami Misis Holdin a kicin tana fere dankali. Na ba ta haƙuri kan kalmar da na yi kuskurenta, ta ɗan saki fuska. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Amma sai na ci gaba, na ce na yi bincike, masana suna ganin kiɗan kwaikwayo ne na 'yan silima, sai dai a ɗaya ɓangaren jama'a da yawa marasa ilimin kiɗa suna sonsa, saboda haka ba za a ce ita kaɗai ce ba.

Ta ajiye wuƙar. "Marasa ilimi."

"Na kiɗa, uwargida. Ilimin kiɗa nake nufi."

"Ranar Litinin ta ƙarshen wata, Mista Isiyaku. Kafin azahar."

Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, kuma ban gama tantance da wa nake fushi ba. Na zo ƙasar mutane koyon rini, na bar uwata, na jure kabeji, ga shi za a kore ni kan ra'ayin da ban ma da shi.

Baba Tom ne ya hau har ɗakina, yana haki, ya kawo mini safar ulu da ya ce ta yi masa kaɗan. Ya zauna a bakin gado ya yi magana da ƙarfi irin ta kurame. Ya ce lokacin da Misis Holdin take budurwa, fim ba ya magana, ita ce ke zama a gaban allo a silimar garin tana kaɗa fiyano, in doki ya yi gudu ta yi gudu, in an mutu ta yi kuka da yatsu. Duk garin an san ta. Da aka kawo fim mai magana, rana ɗaya aka fitar da fiyanon aka ce ta tafi gida. Ta shiga masaƙa kamar kowa. Sai a lokacin yaƙi aka kawo wannan fim, ta shiga kallo, ta ji fiyano ya cika silima tun daga allo har ƙofa, mutane sun yi shiru suna saurarensa. Ya ce ta fito ta sayi faifan tun kafin ta mallaki garmaho.

"Ni ba na jin komai," in ji shi. "Amma ina jinsa a ƙafar kujera. Kai da kake da kunne biyu, me kake yi da su?"

Na ce ina kula da allura. Ya dubi leɓena, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya tashi ya fita yana girgiza kai.

Sauran kwanakin a yawon neman ɗaki suka ƙare. Na cire igiyar kafaɗar kwat ɗin ko za a dace, ba a dace ba. Wani mai gida ya ce zai ba ni ɗakin ajiye kwal in na yarda in riƙa shiga ta baya. Na ce zan yi shawara, kuma Allah ya sani na yi shawarar da gaske. Ranar Asabar na ɗaure akwatina da igiya na sauko da shi bakin matakala.

Lahadi ta ƙarshe na ɗauka ba za a neme ni a falo ba. Amma bayan shayi ta ce, "Har gobe kai ɗan gidan nan ne. Garmaho." Na sa allura, na wana, na ɗora faifai. Kuma tun da an riga an kore ni, ban ga abin da hararar za ta ƙara mini ba. Karo na farko na ɗauke idona daga kan allurar.

Zan faɗi abin da na ji, ba tare da da'awar cewa haka yake a wurin masana ba. Fiyanon ne ya fara, shi kaɗai, da duka masu nauyi kamar mai buga ƙofar gidan da ya san an kulle. Sai makaɗan suka amsa masa gaba ɗaya. Nan take na gane tsarin, har na ji haushin kaina, domin abu ne da na sani tun ina yaro: mai waƙa ya ja, 'yan amshi su karɓa. Sai dai waɗannan 'yan amshin ba su da ladabi. Wani lokaci sukan ƙwace zancen daga bakinsa su tafi da shi, shi kuma ya koma ƙasa-ƙasa yana bin su da 'yan ƙananan muryoyi kamar yayyafi a kan kwano, har ya samu kafa ya karɓe abinsa. Na juya faifan a tsakiya ban ma san na juya ba.

A fuska ta biyu akwai wani wuri da komai ke lafawa. Fiyanon ya ɗauko wata murya a hankali, ya hau da ita 'yan matakai, ya tsaya kamar ya ji nauyin abin da zai faɗa, ya koma baya, ya sake farawa. Sau nawa ya yi haka ban sani ba, amma na san irin wannan mutumin. Misis Holdin ta sunkuya, kafaɗunta na tafiya da shi, kuma a nan hannunta da na mutumin cikin faifan suka zama ɗaya, ban iya raba su ba. Sannan muryoyin gogen suka taso daga ƙasa, suna ƙaruwa, suna duhu, wannan karon fiyanon bai koma baya ba, ya faɗi abin da zai faɗa da dukan ƙarfinsa. Ni dai falon ya ɓace mini. Na ga tsakar gidanmu a Makera da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen kogi, iska ta fara ɗaga tabarmi, ƙanshin ruwan farko ya riga ruwan isowa.

Abin da ya dawo da ni shi ne wani gurnani kamar na shanu a mayanka. Garmahon ne. Na manta da wanawa, faifan yana ta rage gudu, makaɗan Turawa suna nishi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye da hannun garmahon a hannuna, bakina a buɗe. Misis Holdin ta ɗauke yatsunta. Okeke ya zamo daga kujera yana buga cinya.

"Santi! Wallahi santi! Oga Malam ya yi santi!"

Na ce ban ce komai ba.

"Ka ce! Baba Tom, bai yi magana ba?" Baba Tom ya ce leɓena sun motsa sosai, amma ba da Turanci ba.

"A samu wani ya gaya mini abin da ke faruwa a falona," in ji Misis Holdin.

Okeke ya share hawaye ya gyara tsayuwa. Ya ce mata a ƙasarmu, in girki ya yi daɗin da ya fi ƙarfin mutum, sai hankalinsa ya tafi, ya kama zancen da ba shi da kai, ko ya yi wani abin shirme bai sani ba. Ba a yin sa da gangan, ba a kuma iya ƙirƙirarsa. Ana yi wa mutum dariya a kai har ya tsufa.

"Abin kunya ne ke nan?"

"Babba, Madam. Mai girkin kaɗai ke jin daɗinsa."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Inna, a shigo da awaki, hadari ya taso."

Ta dube ni. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na fara bayanin cewa a ƙa'ida santi na abinci ne, ban tabbata ya halatta a yi amfani da kalmar a kan kiɗa ba, sai Okeke ya taka mini ƙafa da takalmin aikinsa.

"Awaki," in ji ta. Ta shafa murfin fiyanon da yatsa. "A silima an yi mini tafi, an kuma jefe ni da ɓawon lemo. Ba a taɓa kira mini awaki ba." Ta fyace hanci da ƙarfi, ta juya ta fuskanci fiyanon. "Sabuwar allura, Mista Isiyaku. Daga farko. In mun gama ka ɗauke akwatin nan daga bakin matakala ka mayar sama, yana hana ni shara."

A ɗakin nan na yi karatun jarrabawa, bayana jingine da bututun hayaƙi, kuma Allah ya ba ni sa'a. Aikin garmaho aka mayar wa Okeke, ni aka ba ni kujera kusa da murhu, don ta ce ba za ta sake yarda makaɗanta su mutu a hannuna ba. Game da darajar kiɗan, ba zan ja da malamin kwalejinmu ba, ya fi ni sani, yana yiwuwa kwaikwayo ne. Fim ɗin kuma har yanzu ban gan shi ba. Iyakar shaidata ita ce abin da ya yi mini a ranar, da sauran Lahadin da suka biyo baya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Okeke ya riga ni dawowa Kaduna, kuma labarin ya yi ƙiba a hannunsa. A Kakuri an ce na yi rawa. A Makera an ce na faɗi ina birgima. Wani tela a Tudun Wada ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne na yi kukan akuya a gaban Sarauniya. A wurin aiki, in na tsaya ina duba launin yadi na ɗan daɗe, sai in ji wani daga bayan inji ya ce, "Malam, a shigo da su?"

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna a gidan nan a wancan hunturu, ko ya ji labarin daga bakin Baba Tom ko Misis Holdin in suna raye, ya aiko mini da gyara ta hannun mai buga wannan takarda, zan karɓa da godiya ko da gyaran bai yi mini daɗi ba. Musamman ina son sanin ainihin abin da na faɗa, domin shaida ɗaya ne ke jin Hausa a falon, kuma kun ji irin shaidar. Rawa da birgima na musanta su gaba ɗaya. Awakin kuwa, sai an samu mai ƙaryatawa, na bar su a matsayin abin da mai yiwuwa ne.